Kafin a Ɗora Ruwan Gashi

 

Hunturu ya sauka a Abuja. Duk wanda ya biyo babban titin Kubwa da sassafe a 'yan kwanakin nan ya ga yadda hazo ya lulluɓe duwatsun Dawaki da Katampe, sai rana ta ɗaga kafin su fito sosai. To a daidai wannan lokaci ne harkar hawan dutse take kankama a garin nan. Ruwan sama ya ɗauke, ciyawa ta bushe, hanyoyin daji sun buɗe, ga safiya babu zafi. Ranar Asabar bayan sallar asuba za ka tarar da motoci jere a gindin duwatsun Ushafa, kusa da madatsar ruwan Usuma, ko a Mpape wajen tsohon wurin fasa dutsen nan da ya cika da ruwa, wanda hotunansa suka karaɗe intanet a 2020. Ma'aikatan gwamnati, ma'aikatan banki, 'yan bautar ƙasa, maza da mata, wani lokaci har da iyaye da 'ya'yansu. Wasu kan nausa har wajen Zuma da ke cikin jihar Neja, dutsen da ke jikin takardar naira 100.

Ni kam ina murna da wannan al'ada. Mutumin da ya yi kwana biyar daga kujerar ofis sai kujerar mota, ya sha cunkoson Nyanya ko na Kubwa safe da yamma, idan ya samu rana ɗaya ya motsa jini ya shaƙi iska, ai ya yi wa kansa gata. Saboda haka ban zo yau don in hana kowa hawan dutse ba. Abin da ya kawo ni shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwa, musamman kwana biyun farko, domin a nan ne muke ɓata abin da da kansa zai gyaru.

Mutane suna ɗauka damina ce lokacin santsi. Gaskiya ne, amma rani ma yana da nasa. Duwatsun Abuja falale ne masu sulɓi, kuma iskar hunturu tana shimfiɗa musu ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani sai ƙafa ta taka. Ga tsakuwa da ke gangarawa ƙarƙashin takalmi, ga busasshiyar ciyawa da ta kwanta a kan dutse, ga toka inda aka yi ƙunar daji. Jiki kuma bai gama sakewa daga sanyin asuba ba. Kuma ku lura, an fi faɗuwa wajen saukowa. An kai ƙololuwa, an yi hotuna, gwiwa ta gaji, hankali ya koma kan karin kumallo, waya tana hannu ɗaya. Sai ƙafa ta zame, mutum ya zauna daɓas a kan mazaunai, ko ya bugi dutse da ƙwauri, ko cinya, ko haƙarƙari. Gbagyi da suka gaji waɗannan duwatsu tun kafin a mayar da babban birni nan a 1991, dubi yadda matansu ke saukowa da itace a kafaɗa: taku gajere, a karkace, babu gaggawa. Akwai abin koyo a nan.

To an faɗi. Fata ba ta yage ba, ƙashi bai karye ba, amma wurin yana zugi, yana tasowa. Me ya faru a ciki? Ƙananan jijiyoyin jini ne da ke ƙarƙashin fata da cikin tsoka suka fashe, jini ya fita daga hanyarsa ya kwanta a cikin nama. Wannan jinin da ruwan da jiki ke turowa wurin su ne kumburin, su ne kuma ke danne jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Aikin da jiki ke yi a sa'o'in farko shi ne toshe waɗancan ɓarakokin.

Yanzu ku dubi abin da muka saba yi. Da an dawo gida aka ga mutum yana ɗingishi, sai a ce a ɗora ruwan gashi. A kawo tawul, a tsoma a ruwa mai tururi, a danna a wurin. A biyo da man zafi, a samu mai ƙarfin hannu ya murza, wai don jinin ya watse. Mai ciwo yana cije leɓe ana ce masa ya daure, zafin shi ne alamar magani yana shiga. Jama'a, zafi yana buɗe jijiyoyin jini ne, murza kuma tana farfasa ɗan toshin da jiki ya fara yi. Idan bututun ruwa ya fashe a cikin bango, ba a ƙara wa famfo ƙarfi, rufe shi ake yi tukuna.

Na ga wannan da idona a kan wani matashi da muka yi hawa tare. Ya zame ya bugi gefen dutse da cinya, ya miƙe yana dariya, ya sauko da ƙafarsa har gindin mota. A nan abokansa suka kwantar da shi a kan tabarma, ɗaya ya fito da kwalbar man zafi, ya sa gwiwar hannu yana dannar cinyar, suna ta yi masa sannu cikin ƙauna. Washegari wando bai shiga wannan ƙafar ba. Cinyar ta yi tauri, ta yi sheƙi, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sallah ma a zaune ya yi ta na tsawon kwanaki. Likitoci sun san abin da ya fi haka: idan aka takura wa tsokar cinya da ta bugu sosai, wani lokaci ƙashi kan tsiro a cikin naman inda jinin ya kwanta, mutum ya yi watanni yana fama.

Ba ina cewa iyayenmu mata sun yi kuskure da suka koya mana gashi ba. Gashi magani ne. Lokacinsa ne bai yi ba. Bayan kwana biyu zuwa uku, idan kumburin ya tsaya ya daina ƙaruwa, to a nan ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, yana sassauta tsoka yana taimaka wa jiki ya kwashe jinin da ya kwanta. A nan ne man kaɗanya da shafa a hankali suke da wuri. Amma ranar farko da ta biyu, sanyi ake so.

A kan dutse ma ana iya farawa. Ka zauna, kada ka yi zumbur ka miƙe don kunyar idon mutane. Ka ɗan numfasa, ka motsa gaɓar a hankali ka ji. Idan akwai ledar ruwa mai sanyi a jakar wani, a naɗe ta a hankici ko gefen ɗankwali, a ɗora a wurin. An isa gida, ƙanƙara ko ledar ruwan da ta daskare a firji, ita ma a naɗe ta cikin tawul mara kauri, kada ta taɓa fata kai tsaye, domin ƙanƙara tana ƙona fata. Minti 15 zuwa 20, a cire, a bar wurin ya huta awa biyu ko uku kafin a sake. A ɗaga ƙafar a kan matashi yadda za ta ɗara ƙirji tsawo idan an kwanta. In akwai bandeji mai talewa a naɗa, amma yadda ɗan yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, kuma a kwance shi in za a yi barci. Yatsu suka fara sanyi, ko tsikari, ko suka canza launi, to ɗaurin ya yi yawa.

Wani zai ce ai ya ji an ce ƙanƙarar ma yanzu ana ja da ita. Haka ne. Wani likitan 'yan wasa a Amurka, Gabe Mirkin, shi ne ya yaɗa wannan tsari na hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, kuma shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon kwanciya suna iya jinkirta warkewa, domin kumburi ma wani ɓangare ne na gyaran da jiki ke yi. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ƙanƙara ta rage zugi ce a farko, ba abin da za a yi mako ana yi ba ne. Hutun ma na kwana ɗaya ko biyu ne, daga nan a fara takawa gwargwadon abin da jiki ya yarda. Amma babu inda wannan gyara ya ce a koma ga tafasasshen ruwa da murza a ranar farko.

Akwai waɗanda ƙanƙarar ba tasu ba ce, kuma ina roƙon a saurare ni da kyau a nan. Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu cutar sikila, kuma sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo. Mai sikila da ya bugu, kada a ɗora masa ƙanƙara. A rufe shi ya ji ɗumi, a ba shi ruwa ya sha sosai, a tuntuɓi likitansa. Haka mai ciwon suga da ƙafarsa ta rage jin taɓawa, yana iya ƙonewa da ƙanƙara ko da ruwan zafi bai sani ba.

Sai maganin sha. Farasitamol ya isa ga yawancin buguwa. Babba yana shan ƙwaya biyu masu nauyin miligiram 500, ya bar aƙalla awa huɗu kafin ya sake, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. A lokacin hunturu a ƙara kula, domin da yawa daga magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, mutum ya haɗa biyu ya ɗora wa hantarsa nauyi bai sani ba. Asfirin yana tsinka jini, yana iya ƙara faɗin buguwar, kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16. Su ibufurofen da diklofenak suna rage zugi ƙwarai, amma ba a shan su da wofin ciki, kuma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu su nisance su sai da izinin likita. Ga wani abu da ya shafi mai hawan dutse kai tsaye: iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ji ƙishi ba, gumi yana bushewa tun bai tsattsafo ba. Mutum ya sauko da ƙarancin ruwa a jiki, ya biya kemis a ƙulla masa haɗi a leda, ƙwayoyi ja da fari da rawaya waɗanda bai san sunan ko ɗaya ba, ya watsa a baki. Ƙoda ce take biyan kuɗin wannan. Ka sha ruwa tukuna, kuma duk ƙwayar da za ka haɗiya ka tambayi sunanta. Tiramadol kuwa ba shi da gurbi a wannan magana ko kaɗan.

Masu ƙaho da masu sakiya ma kan shigo, a ce mataccen jini ne sai an fitar. Jinin da ya kwanta jiki ne ke shanye shi da kansa, yawanci cikin mako biyu. Tsaga fata a kansa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne kawai. Wanda fatarsa ke da haske zai ga wurin ya yi ja, ya koma baƙi-baƙi, daga baya ya yi kore-kore, ya ƙare da rawaya. Wani lokaci tabon yakan gangaro, buguwar tana idon sawu amma bayan kwana uku a ga duhu a gindin yatsu. Wannan ba abin tsoro ba ne, jinin ne ya bi gangara.

Amma mu da yawancinmu fatarmu baƙa ce, buguwa tana ɓuya. Wurin da zai yi shuɗi a jikin Bature, a jikinmu ɗan duhu kawai zai ƙara, wani lokaci ma babu abin da ido zai kama. Shi ya sa ake yawan cewa, ai ba komai, ko alama babu. Kada a dogara da ido. A sa hannu a shafa, a gwada da ɗaya gefen. Ya fi tudu? Ya fi ɗumi? Ya yi tauri? Ina ne daidai inda in an danna mutum yake zabura?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato ciwon da ake ɗauka buguwa ce alhali ya wuce nan. Wasu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da wani gwaji mai sauƙi a 1992 don gane idon sawun da ke buƙatar hoton ƙashi, kuma har yau ana aiki da shi a asibitocin duniya. Mutum ya iya yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi? Sannan a danna bayan ƙashin idon sawu da bakinsa na ƙasa, ta ciki da ta waje, da ɗan tudun ƙashin da ke gefen ƙafa a layin ƙaramin yatsa. Idan ya kasa taku huɗun, ko kuma zafin a kan ƙashin kansa yake ba a nama ba, to maganar hoto ce. Balle a ga gaɓa ta karkace, ko yatsu sun mutu ba sa jin taɓawa.

Sha-raɓa da damtse suna da wani haɗari na daban. Tsokarsu tana cikin wata jaka ce da ba ta talewa. Idan jini ya taru a ciki ya rasa wurin zuwa, sai ya shaƙe jijiyoyin da ke ciyar da gaɓar. Alamarsa zafi ne da ya fi ƙarfin raunin, wanda magani ba ya taɓawa, yana ƙaruwa awa bayan awa, wurin ya yi tauri, in an motsa yatsu mutum ya yi ƙara. Wannan ba ya jiran gari ya waye. A cikin sa'o'i kaɗan ake rasa tsoka. Kuma a nan zan yi magana a kan ɗori da girmamawa. Masu ɗori sun daɗe suna yi wa al'umma hidima, akwai gidajen da aka san su da wannan gado. Amma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke hannu da ƙafa, har na yara, saboda an ɗaure gaɓa mai kumburi tamau da karare har jini ya daina zuwa. In ma zuciyarka tana wajen mai ɗori, fara yin hoto ka san abin da ke ciki.

Haƙarƙari kuwa, wanda ya taɓa buguwa a nan ya san dariya ma azaba ce, balle tarin da ƙurar hunturu ke kawowa. Kada a ɗaure ƙirji da zani ko rawani. Ɗaurin yana hana huhu buɗewa, majina ta taru, a wayi gari da ciwon huhu. A sha maganin zugi domin a iya jan numfashi mai zurfi, a rungumi matashi in tari ya zo, a kwanta a ɗan jingine. Yakan ɗauki mako uku zuwa shida. Amma numfashi ya fara gagara, ko an ga jini a kaki, asibiti nan take. A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu saifa take, kuma tana iya tsagewa ta riƙa zubar da jini a ciki alhali fata lafiya lau. Mutum ya bugu a nan, bayan wasu sa'o'i ya ce jiri yake ji, gumi mai sanyi yana karyo masa, cikinsa yana ciwo ko kafaɗarsa ta hagu, kada a ce gajiyar hawa ce. Wanda ya faɗi ta baya ya ga fitsarinsa ya yi ja, ƙoda ce ta taɓu.

Kai kuma ba a yi masa ganganci ko kaɗan. Suma ko ta ɗan lokaci ce, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, magana tana harɗewa, barci mai nauyi da tsakar rana, mantuwar abin da ya faru, duhu a kewayen idanu ko bayan kunne, duk ɗaya daga cikinsu ya isa dalili. Dattawa da masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko buguwar ta yi kama da ƙarama, a kai su a duba. In kuma fata ta ƙuje, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu har tsakuwa da ƙasa su fita, a rufe, a tambayi lokacin da aka yi allurar tetanus ta ƙarshe.

Abuja ba ta rasa inda za a je ba. Mai saukowa daga Ushafa yana da babban asibitin Bwari da na Kubwa. Na Mpape da Katampe, asibitin Maitama yana kusa. Ga Asibitin Ƙasa a tsakiyar birni, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Lambar kiran gaggawa ita ce 112, kyauta ce, sai dai a wasu kwazazzabai sabis yakan ɗauke, shi ya sa hawan dutse mutum ɗaya ba dabara ba ce, ko don rauni ko don tsaro.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin hawan dutse, ku da kuke tara mutum talatin ko hamsin a WhatsApp, wasunku har kuɗin rajista kuke karɓa, nauyi yana wuyanku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na sha ganin jaka cike da lasifika da lemo da kayan hoto, amma babu bandeji ko ɗaya. Bandeji mai talewa guda biyu, auduga, filasta, farasitamol, ruwan sanyi a ƙaramar kula, nawa ne kuɗinsu? Ku tambayi sababbin zuwa tun a gindin dutse ko akwai mai sikila, mai asma, mai shan maganin jini. Ku dubi takalmansu, mai silifas ko takalmin da ƙasansa ya suɗe ku ba shi haƙuri. Ku sa mutum ɗaya mai natsuwa ya zama na ƙarshe wajen saukowa. Kuma ku samu ko mutum biyu a cikinku su je su koyi agajin farko, ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana koyarwa.

Iyayenmu mata da matan gida, idan maigida ko yaro ya dawo ranar Asabar yana ɗingishi, don Allah a sauke tukunyar gashin nan zuwa ranar Litinin ko Talata, a buɗe firji tukuna. Wanda kuma ya bugu a kai ko a ciki, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a ɗaki, kuma da an ga ɗaya daga alamomin da na ambata a ɗauke shi zuwa asibiti a daren, ba sai da safe ba.

Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.